Noeline Tuckwell da Maɓallin da Ta Bar Mana

Cikin alhini mai yawa, da kuma alfaharin da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Masu Ceto a Teku ta Warrabin Bay ta samu labarin rasuwar uwarmu, dattijuwar arziki kuma tsohuwar Shugabar ɗakin rediyonmu, Madam Noeline Tuckwell, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ce ta rubuta mana, da harshen kwamfuta da ake kira Python, manhajar da ke hasashen inda igiyar ruwa za ta kai jirgin da injinsa ya mutu. Sai dai manhajar ba ta jin maganar kowa sai tata, domin umarni ake buga mata a baƙin allo, mu kuwa ko mun sa tabarau ba ma gane komai. Da ciwo ya kwantar da ita, tsoronmu shi ne ranar da ta tafi aikin zai bi ta, a bar mu muna lalube alhali mutane na cikin ruwa.

Mataimakin Kwamanda, Mista Graeme Pirotta, ya daɗe yana roƙonta ta gwada wata manhaja da ake gina allo mai sauƙin amfani da ita ta hanyar jawo maɓallai da akwatuna a jera su, kullum amsarta ɗaya: "Wasan yara ne, Graeme, rabu da ni." Sai a gadon asibiti ta yarda ta gwada, tana yi tana mita, har ta gina mana allo mai manyan maɓallai. Da ta gama ta ce masa: "Ba laifi, abin yana aiki. Amma ka gaya wa wani na faɗi haka, in ƙaryata ka."

Ranar Asabar da ta gabata, Graeme, wanda da yatsa ɗaya yake buga rubutu a kwamfuta, ya danna maɓallan nan, muka nufi inda suka nuna, muka tsamo wani masunci da 'yarsa da ransu. An kai mata labari tana raye, ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Mista Lindsay Tuckwell, da 'ya'ya da jikoki, da addu'ar Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

A ƙasan allon akwai maɓalli ɗaya da ba ta ɗora wa kowane aiki ba. A kansa ta rubuta: "Saura ku." Mun ji, Noeline, kuma mun karɓi aikin daga inda kika tsaya.

Sa hannu:
Desmond Kearney
Kakakin Ƙungiya