Yayana Yana Jira Iya Ta Kira Shi Da Bakinta

"Ranar da na ajiye shugabancin kamfani, zan dawo gida in karɓe ki jinyar Iya." Anti Lauratu, kalaman yayana Habibullah ke nan, a tsakar gidanmu a Ɗanzomo, a gaban Kawu. Ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana zancensa.

Ya fara da rubuta manhajar kwamfuta a Legas, har ya shugabanci kamfani. Ni kuwa na ajiye koyarwa a Gumel tun da ɓarin jikin Iya ya shanye. Bara ya sauka daga kujerar. Har ɗaki na share masa. Sai ga shi a Abuja, yana koya wa manyan 'yan kasuwa shugabanci. Na kalli laccarsa a waya, wai shugaba nagari ba ya barin mutum ɗaya da kayan kowa. Ana yi masa tafi, ni ina wanke zannuwan Iya.

Hujjarsa ita ce Iya ba ta taɓa cewa ya dawo ba, kuma a iliminsu na shugabanci inda ba ƙorafi ba matsala. Shi ne fa ɗan fari! Matar da ba ta taɓa faɗin sunansa ba, in ya kira waya sai ta miƙo mini ta kau da kai, ita ce za ta roƙe shi? Amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta daina taunar abinci, ta kasa kunne.

Makarantata ta ce in koma bayan Babbar Sallah ko a ba wata gurbina. Idan Sallah ta wuce bai zo ba, zan sa Iya a mota in kai masa ita har ƙofar ajinsa, ɗalibansa su ga darasin da idonsu.

Ƙanwar Malam, Ɗanzomo

'Yar'uwa, kina da gaskiya, kuma ki koma aikinki. Amma kada ki sa Iya a motar nan. Tafiyar za ta wahalar da ita, kuma matar da ke kunyar sunan ɗanta ba za ta jure a tozarta shi a gabanta ba.

Wataƙila yayanki ya daɗe cikin mutanen da sai an furta ake ji. Wataƙila kuma ya ji sarai, shirun ne ya yi masa daɗi. Ko wanne ne, a furta masa. Kawu ne shaidar alkawarin, shi zai faɗi abin da Iya ba za ta faɗa ba, har da yadda take kasa kunne in mota ta tsaya a ƙofar gida. Ki sanar da su ranar komawarki tun yanzu. Ki kuma sani ko ya dawo, Iya ba za ta bari ya yi mata wanka ba, don haka a nemo mace cikin dangi, ɗawainiyarta a wuyansa, hutunsa duka a Ɗanzomo.

Allah Ya ba Iya sauƙi, Ya sanyaya miki zuciya.