Kaset ɗin Inna Turai

Lahadi, 27 ga Maris, 1988

Kamaru ta ci mu ɗaya mai ban haushi, da fenariti. Tir! Ni da na ɗauki wasan a kaset don in riƙa kunna wa malaman makarantarmu suna jin yadda muka ɗauko kofi. Ga kaset nan cike da ihun banza. Ilu abokina ya tashi daga zaurena ko sallama bai yi ba.

Litinin, 28 ga Maris

Babu gurasa yau.

Tun da na auro Barira daga Fulatan ban taɓa fita makaranta ba tare da gurasa mai zafi a cikina ba. Ta idar da sallar asuba ta hura tanderu, ta kunna rikoda, tana liƙa gurasa tana bin waƙa. Yau ta danna rikoda sai muryar mai sharhin ƙwallo ta fito. Ta juya kaset, shi ne dai. Ta kalle ni.

"Malam, wannan fa na Inna ne."

Ashe na waƙoƙin shantun da mahaifiyarta, marigayiya Inna Turai, ta yi da ƙawayenta ranar bikinmu ne. To ni na sani? Babu rubutu a jikinsa, ba a karya masa kunnen da ke hana gogewa ba, yana cikin kwano tare da allura da zare. Wa ke ajiye abu mai muhimmanci a kwanon zare? Na faɗa mata haka. Ta ce, "Haka ne, Malam." Ta ɗauki kwaɓin ta juye wa awaki.

Laraba, 30 ga Maris

Koko da ƙosan sayarwa. Ƙosan ma na jiya ne aka ɗumama.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Da ma ta yi faɗa. Da ta yi kuka, ta zage ni, ta yi yaji, duk na san yadda zan yi da su. Amma wannan "sannu da zuwa Malam", "ga ruwa Malam", fuska kamar an aiko da saƙon mutuwa, shi ke ƙona mini rai. Tuwo tana yi, wanki tana yi, ba abin da zan kai ƙara a ce ta gaza. Gurasa ce kawai babu. Na ce mata alkama na nan buhu guda, me ya hana? Wai hannunta ba ya tashi. Hannu kuma yis ne da zai tashi?

Na sayo mata sababbin kaset biyu a kasuwa, na kalangu da na garaya, waɗanda mata ke rububi. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta sa su a ƙarƙashin gado da ledarsu.

Talata, 5 ga Afrilu

Na sayi burodi a tasha. Iska ce kawai da sukari, ka matsa shi ya koma kamar audugar katifa. Na ci a gabanta da gangan, ina cewa ai wannan ma ya wadatar. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa ya tsaya mini a wuya har azahar.

Kaza ta fara ƙwai a cikin tanderu. A gidana!

Na kai wa Ilu kuka, sai ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Wai, "Halliru, kai da ka goge uwar mutum, gurasa kake nema?" Na ce ya iya bakinsa. Ni na kashe ta? Shekara biyu da rasuwarta, Allah ya ji ƙanta. Kaset ne fa, roba da zare. Ya ce to in ci robar.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Na dawo da wuri na same ta ta kunna kaset ɗin ƙwallon, ta kara kunne a jikin rikoda. Tana bi a hankali ko akwai inda muryar ta rage. Babu. Ni na san babu, don har ƙarshen zaren na ɗauka, gaba da baya.

Na koma zaure na zauna. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Asabar, 9 ga Afrilu

Azumi ya matso. Buɗa-baki babu bandashen gurasa da ƙuli-ƙuli? Ba a gidan nan ba. Gobe zan ari babur ɗin Ilu in je Fulatan. Tsofaffin da suka yi waƙar ai ba duka suka mutu ba. A sake yi, a ba ni, magana ta ƙare. Na ce wa Barira taron malamai za ni a Rogo.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Ban taɓa shan wulaƙanci irin na yau ba.

Rana kamar wuta, rikoda ɗaure a bayana da zanen goyo don kada gargada ta lalata shi. Na isa gidan Goggo Yelwa, ƙanwar mahaifin Barira, ita ce mai amshi a waccan waƙar. Na durƙusa har ƙasa muka gaisa, gida, gajiya, zafi, shanu, ba abin da ba ta tambaya ba. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ta tambaye ni:

"Me ka sa a wurin muryar Turai?"

Na ce ƙwallo, Goggo.

"Kun ci?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ikon Allah." Ta aika aka kirawo Hajo, ƙawar Inna Turai, da wasu tsofaffi uku, kowace da shantunta a hammata. Na gyara zama zan danna rikoda, sai Hajo ta ce ina! Tun da take ba ta taɓa buga shantu a gaban suruki ba. In nuna musu inda ake dannawa in fita. Ni da nake koyar da aji shida, aka kora ni gindin darbejiya a ƙofar gida, ina korar ƙuda. Ina jiyo dukan shantu daga nesa, da shewa, da dariya. Dariyar ta yi yawa, na lura, amma na ce halin tsofaffi ne. Can kuma sai dariyar ta ɗauke.

Goggo ta fito da rikoda da kanta, tana tari, idanunta jajaye. Ta ce kada in kuskura in ji kafin mai shi ta ji. Ko ruwa mai sanyi ba a ba ni ba, sai da zan tafi aka miƙo mini fura.

Litinin, 11 ga Afrilu

Amana na riƙe, ban ji ba. Da na sani!

Da hantsi kafin in fita na ajiye mata rikoda na ce ga shi nan. Ta danna. Shantu ya tashi, sai muryar Hajo:

*Malam mai alli, sannu da aiki,*
*Ya goge allo, ya goge Turai.*
*Ina kofin, Malam? Yana Kamaru.*
*Ga shi ba kofi, ga shi ba gurasa.*

Sauran suna amsawa, "Ba kofi, ba gurasa!" Har tafiyata suka saka, har yadda nake tura hula gaban goshi. Da batirina, da man da na zuba a babur, aka zauna aka zage ni tas.

Barira ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ta kasa, ta fashe da dariya har ta zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauki jakata zan fita cikin fushi, sai waƙar ta canja. Ta Inna Turai ce, wadda ake yi wa amarya. Amma ba wanda ya ja baitin. Shantu kawai ke tafiya inda muryarta take shiga, sai su amsa, sai shantu kuma, sai su amsa. Sun bar mata wurinta. Muryar Goggo tana rawa a cikin amshin.

A baiti na uku Barira ta shiga wurin. Da hawaye da komai ta ja, suka amsa mata daga cikin rikoda.

Na makara a makaranta. Na ce wa hedimasta ciwon ido nake yi.

Alhamis, 14 ga Afrilu

An kori kaza. Gurasa ta dawo, mai ƙamshi, gefenta ya ɗan ƙone yadda nake so. Amma kullum da waƙar zagina ake hura tanderu, kuma ba a rage murya. Duk Unguwar Hajji ta haddace. Mai shayin bakin titi ya ce mini, "Malam, ina kofin?" Saura kaɗan in kifar masa da tebur.

Na ce wa Barira ta riƙa wuce ta farkon nan. Ta ce zaren zai lalace in ana yawan ja. Ƙarya ce, na san rikoda fiye da ita. Na ci gurasa guda huɗu.

Laraba, 20 ga Afrilu

Azumi, zafi, ƙishirwa. An sha ruwa da bandashe, alhamdu lillahi.

Yau wani ya zo daga Fulatan ya ce tarin Goggo Yelwa ya ƙi sauƙi, ba ta iya azumin ba ma. Barira ta ce akwai waƙoƙin daka da na reno da Inna ta koya a wurin kakarsu, uwar Goggo, yanzu Goggo kaɗai ta san su. Faɗa kawai ta yi, ba ta roƙe ni komai ba.

Ni dai ba na son a ce na yi asarar zanen goyon nan da na koyi ɗaure rikoda da shi. Na sayi kaset uku marasa komai. Na ce wa Ilu ina son babur ranar Asabar, ba sai bayan Salla ba. Ya buɗe baki zai yi magana na ce ya rufe.

In zagina za su ƙara, su zaga. Zan zauna a gindin darbejiyar har su gama.