Baba Bai San Sunan Ciwonsa Ba

Talata da dare, Magariya

Ni ma na zaci wahalar duka ita ce samo inda ake gwajin sabon maganin ciwon daji na huhu. Ashe ba nan take ba. Yau ina lakwal, makarantar da nake koyarwa, likitar da ke gudanar da gwajin ta kira ni. Ta ce za su duba Baba, amma sai ya san ciwonsa, ya ji amfanin maganin da haɗarinsa, ya yarda da bakinsa.

Baba kuwa tarin sanyi ya sani. Haka muka ce masa tun a asibitin Damagaram.

Da la'asar na hau moto zuwa gidanmu a Yekuwa. Yaya Sani ya tare ni a zaure, na gaya masa abin da likitar ta ce.

"Malama, a lakwal kike da iko. A gidan nan ba a gaya wa tsoho irin wannan. Ni ne babba, in amince a madadinsa."

"Yaya, ba su karɓar taka. Huhunsa ne."

"To su riƙe maganinsu."

Na shiga ciki. Baba yana ɓare gyaɗar iri, yana tsayawa ya yi tari. Ya ce, "Uwata, sanyin nan zai sake ni kafin shuka ko?" Na ce in sha Allahu. Ni da nake koya wa yara faɗin gaskiya kullum.

Likitar ta ce idan ya kai ga kwanciya, ba za su ɗauke shi ba. Duk mai ganin magana ce kawai, ya zo ya zauna gaban Baba, ya gwada faɗa masa.