Keken Fatihu da Gwiwata

Talata, 1 ga Yuli, 2025

Nabilah, matar ɗana, ta sauka da hantsi. Mace. Ɗiyata Rahmatu ce ta kira, tana kuka tana dariya, ta ce Baba ka yi jika. Na ce Alhamdulillahi sau uku. Maƙwabta sun shigo barka, na raba goro. Kowa ya ce farin ciki ya cika Kawu Hassan. Haka ne. Ina farin ciki, na san ina yi, sai dai ban ji inda yake a jikina ba.

Yau kwana arba'in da biyu da hatsarin hanyar Zuba. Ɗan nawa ke tuƙi, ni ina gefensa. Ni gwiwa kawai na bari a wurin, shi ransa ya bari.

Laraba, 2 ga Yuli

Fatihu. Ga shi na rubuta. Ɗan fari ne, shekara talatin da huɗu bakina bai kira wannan suna ba, sai dai in ce kai, ko in ce wancan. Shi ya kai ni ajin yamma ina da shekara hamsin, ya ce dillalin shanu bai kamata a riƙa karanta masa takarda ba. Da hannun da ya sa aka koya wa rubutu na kira shi yau. Ban ji komai ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Rosemary ta zo, mai gashin ƙashin da asibiti ya haɗa ni da ita. Ta kwantar da ni, ta naɗe ƙafar har na ga duhu, ta aza ma'auninta. Lanƙwasar ta tsaya a tamanin da takwas. Ta ce, “Baba, wannan gwiwa naka ba ya jin magana, kai ma ba ka jin magana.” Ta san ba na yin motsin da ta ba ni.

Ta faɗa mini a fili. Gwiwar da aka yi wa aiki tana da lokacinta. In tsakiyar Agusta ya zo ba ta kai ɗari da goma ba, naman ciki zai ƙage. Likita zai iya sake kwantar da ni ya lanƙwasa ta da ƙarfi, amma ko shi bai ba da tabbas ba. Wataƙila haka zan ƙare, ƙafa a miƙe, salla a kujera.

Na ce to. Ta ce to ɗin me? Na ce to.

Talata, 8 ga Yuli

Suna a gidan iyayen Nabilah, bayan dutse. Amatullah. Na yanka ragon da ubanta ya kamata ya yanka. Maza duka a tabarma, ni kaɗai a kujerar roba, ƙafa a miƙe kamar itace, masu wucewa suna tsallake ta suna ba ni haƙuri. An kawo mini ita cikin farin zane. Ba ta da nauyi. Dogayen yatsu. Na yi mata addu'a, na yi murmushi don masu hoto, na miƙa ta.

Nabilah ta gaishe ni daga bayan labule. Ta ce, “Baba, akwai kekensa a gidanmu na Kubwa. Ba na iya kallonsa. A kawo maka?” Na ce a kawo.

Alhamis, 10 ga Yuli

An kawo. Keke ne mai batir, na hawan duwatsu, tayoyinsa kamar na babur, injin yana ƙasa tsakanin fedoji biyu. Duk Asabar yakan fita da shi da abokansa na ma'aikata, su dawo dumu-dumu da taɓo. Na sha ce wa uwarsa, kafin ta rasu, mutum da motarsa ya koma wasan yara. Har da wani ƙarfe aka haɗo, wanda ake ɗora tayar baya a kai, mutum ya tuƙa yana wuri ɗaya.

Akwai busasshen taɓo a ƙarƙashin sirdin. Ban wanke ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Rosemary ta ga keken a zaure, ta yi tsalle kamar an ba ta kyauta. Ta ce wannan shi ne maganin, in feda ta zagaya gwiwa za ta saki. Ta ɗora shi a kan ƙarfen, ta taimaka na hau. Ƙafar hagu ta zagaya. Ta dama ta taso, ta taso, kafin ta kai sama ta tsaya cak. Na koma baya, nan ma ta tsaya. Rabin zagaye gaba, rabin zagaye baya, kamar jaki a bakin rafi.

Ta ce in ci gaba da hakan kullum. Shi dogo ne, ni gajere. Keken ya san mai shi.

Litinin, 14 ga Yuli

Yamusa ya zo, abokina tun muna kara, kasuwar shanu, a Dei-Dei. Ya kalle ni a kan keken ya ce, “Tsoho, an ce ka yi jika, ashe kai ne jaririn.” Muka yi shawara, muka ce ai sirdin ne ya yi tsawo. Ya sauke shi har ƙasa. Na hau, abin ya ƙara muni, ko rabin ma ban kai ba, gwiwar ta kumbura. Na kira Rosemary a waya. Ta ce, “Wa ya ce ku sauke? In ka zauna ƙasa gwiwa zai ƙara naɗewa ne! Ku mayar.” Ta ce abin da ya yi mini tsawo shi ne hannun feda, wato ƙarfen da ya fito daga injin, wanda fedar ke maƙale a ƙarshensa. In ya gajarta, da'irar za ta ƙanƙance, gwiwa ba za ta buƙaci naɗewa sosai ba.

Yamusa ya ce in dai gajarta ƙarfe ne, an gama.

Laraba, 16 ga Yuli

Dei-Dei. Zan rubuta yadda ya faru.

Mun ɗora keken a bayan a-kori-kura muka kai wa mai waldar da ke gyara mana ƙofofin kara shekara da shekaru. Ya ce abu mai sauƙi, a yanke tsakiya, a cire ɗan yatsa biyu, a haɗe. Haka yake yi wa garma, haka yake yi wa baro. Bai iya kwance hannun daga injin ba, sai ya ce a kwantar da keken a yanka a jikinsa. Yamusa ya danne. Ni ina zaune a kan benci.

Da suka juya shi ne na gani. A jikin hannun dama baƙin fentin ya goge, ƙarfe ya fito fari yana sheƙi, wuri kamar faɗin babban yatsa. Dunduniyar takalmin ɗana ce ta ci wurin. Tun yana yaro yake tafiya da dunduniyar dama a karkace ciki, uwarsa ta yi ta faɗa har ta gaji.

Zarto ya hau daidai nan. Ja ɗaya ya yi.

Ban san na tashi ba. Yamusa ya ce ihun da na yi har masu lodin siminti sun juyo. Na ce a bari, a bari, a bari. Mai walda ya ɗaga hannu ya ce, “Alhaji, ai kai ka kawo.” Na ce na sani.

A hanyar dawowa Yamusa bai yi mini tsiya ba. Wannan ya fi damuna.

Alhamis, 17 ga Yuli

Tsagin zarton bai kai zurfin farce ba. Na shafa shi ya fi sau goma.

Asabar, 19 ga Yuli

Tamanin da tara. Rosemary ba ta yi faɗa ba, ta rubuta kawai. Saura wata guda.

Nabilah ta turo lambar wani Thaddeus, makanikin da ke gyara wa su Fatihu kekuna. Ya zo da la'asar a kan babur. Da ya shiga zaure ya ga keken sai ya cire hularsa, ya daɗe tsaye. Sannan ya ga tsagin.

“Baba, wa ya yi wannan?”

Na faɗa masa. Ya riƙe kai. Ya ce wannan ba ƙarfen ƙofa ba ne, alminiyom ne, waldar kasuwa ba ta kama shi. Ko ta yi kamar ta kama, ranar da na taka da ƙarfi zai ɓalle, in faɗi a kan wannan gwiwar. Ya auna. Na Fatihu milimita ɗari da saba'in da biyar ne. Ya ce zai nemo mini ɗari da hamsin, wanda bakinsa ya dace da wannan injin, don ba kowanne ke shiga ba. Mako guda.

Na ce tsofaffin fa? Ya ce, “Naka ne, Baba. Ba mai taɓa su.”

Kafin ya tafi ya ce Oga Fatihu yakan tsaya a kan dutse ya jira na baya, ko da shi ya fara isa. Ban san wannan ba.

Talata, 22 ga Yuli

Rabi gaba, rabi baya. Rahmatu ta kawo tuwo, ta ce in ƙafar ta ƙi sai in koma wurinta a Gwarinpa, akwai ɗaki a ƙasa. Na ce Allah ya yi albarka.

Asabar, 26 ga Yuli

Thaddeus ya zo da su a kwali. Gajeru, baƙaƙe, ko ƙwarzane babu.

Ya fara cire batir. Ya kwance fedoji, ya nuna mini cewa ta hagu a juye take kwancewa, wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaure ta yana zaton kwancewa yake. Yamusa ya ce shi ya sani tuntuni. Thaddeus ya ce, “Kai da ka kai keke wurin mai walda?” Yamusa ya ce yaran yanzu ba su da kunya.

Sai ya kwance babbar ƙusar tsakiya, ya murza wani ɗan ƙarfe mai zare a ramin, yana juyawa a hankali har hannun ya saki da kansa. Ba guduma, ba duka. Ya miƙo mini na dama, na riƙe. Ya fi yadda na zata sauƙi. Ya goge bakin injin, ya shafa man giris, ya zura sababbin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya ɗaure da sifana mai yin ƙara idan ɗauri ya isa. Sannan ya ɗaga sirdin sama da yadda yake. Na ce ai ni gajere ne. Ya ce feda ta matso sama, dole sirdi ya bi ta.

Na hau. Rosemary tana riƙe da kafaɗata. Ƙafar dama ta taso, ta kai inda take tsayawa kullum, ta yi zafi, ta wuce.

Ta zagaya. Na sake, ta zagaya. Rosemary tana ƙirgawa da Turanci, Yamusa yana kabbara kamar an ga wata. Na yi ashirin na sauka. Suka ga fuskata a jiƙe, na ce musu zufa ce.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na naɗe tsofaffin a cikin rawanina na Makka, na sa a akwati. Minti goma da safe, minti goma da yamma.

Asabar, 2 ga Agusta

Casa'in da tara. Zafi kamar ana zare jijiya. Ban fasa ba ko rana ɗaya, ban san dalili ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Rosemary ta yarda a sauke keken daga kan ƙarfen. Thaddeus ya maida batir, ya sa shi a mafi ƙarancin ƙarfi, ya ce daga ƙofar gida zuwa masallaci kawai, in juyo. Da na taka sai na ji kamar wani ya dafa bayana yana turawa. Na waiwaya. Ba kowa, injin ne.

Asabar, 9 ga Agusta

Ɗari da bakwai. Rosemary ta ce saura uku, kuma akwai mako guda, ba ta jin za a sake kwantar da ni. Na ce to. Ta ce wannan to ɗin ya fi wancan.

Da la'asar na fita zuwa masallaci in juyo. Ban juyo ba. Na bi hanyar bayan dutse, wadda ruwa ya zaizaye. Sau biyu na sauka na tura. Kakar yarinyar ta gan ni a ƙofa da taɓo har gwiwa, ta yi salati, ta ce Alhaji da girmanka? Nabilah ta leƙo, ta ga keken, ta koma ciki. Ta jima kafin ta fito da Amatullah.

Ta yi nauyi. Ta buɗe ido ta ƙura mini, ta ɓata fuska. Na ce, “Ke amarya, mijinki ya taho tun daga Tungan Maje a kan keke, ko ruwa ba ki ba shi ba, sai harara?” Sai ta yi mini fitsari a riga. Matan gidan suka yi ta dariya. Wai har da ni, haka suka ce.

Na dawo kafin magariba. Gwiwar ta kumbura, na sa ƙanƙara, ba zan gaya wa Rosemary ba.

Na kira Thaddeus in ce masa birkin baya yana ƙara. Cikin magana na tambaye shi ko ana ɗaura kujerar yara a irin wannan keken. Ya ce ana yi, amma sai yarinya ta shekara, ta iya riƙe wuyanta sosai. Ya ce in yana da ita ya ajiye mini?

Ni dai tambaya na yi. Na ce ya ajiye.