Rumbun Gwaggo da Ruwan Tarka

Talata da dare, Belbeji, watan Mayu

Kaina ya ɗaure. Manhajar nan mai nuna inda ambaliya za ta bi a kwarin Tarka ta ƙi tsayawa kan magana ɗaya. In na raba taswirar gida-gida manya-manya a cikin manhajar, unguwar Gwaggo a bushe take. In na raba ta gida-gida ƙanana, ruwa har gwiwa. Kuma adadin ruwan sama ɗaya na shigar mata duka sau biyun, wallahi ban taɓa komai ba.

Da la'asar Gwaggo ta kira ni. An riga an kwaɓa ƙasa, magini zai zo gobe.

"Ɗana, in gina rumbun a wurinsa na da, ko in hau tudu?"

Na ce ina kan dubawa.

"To duba da sauri," in ji ta, "ƙasa tana bushewa."