Daren da Na Faɗi a Ƙanƙarar Tabuka

Zuwa ga Manar, sanyin idona, hasken unguwar Zahir, ruwan randa a tsakar rana, wadda in na tuna ta a layin burodi sai in kama murmushi ni kaɗai har mai gashi ya tambaye ni ko lafiya.

Assalamu alaikum, ya habibti. Daga ɗakina na unguwar Kudai, nan Makka, nake rubuto miki, ƙafata ta dama a kan matashi biyu, ta kumbura suntum, ni kuwa sai dariya nake yi. Tun shekaranjiya nake dariya! Ummi ta leƙo sau uku, ta ce anya ba kan ne ya bugu ba.

Bari in fara da abin da ke ci min rai, don kada ki ce na kewaye shi. Yayarki Maha ta isar min da saƙonki. Ta ce Abbanki ya ba ki zuwa Alhamis ki faɗa masa ko kin amince da ni, kuma ta ce a'a kike shirin cewa. Ba don kin ƙi ni ba, in ji ta, sai don wai ni mutum ne mai gudu, ke kuwa shan inna ya taɓa miki ƙafar hagu tun kina goye, wai wata rana zan gaji da jiranki, ko ban furta ba za ki gani a fuskata. Manar! Ranar da na ji maganar nan na yi fushi, wallahi na yi. Na ce wane irin zargi ne wannan a kan wanda bai yi laifin komai ba? Ashe na yi laifin, kuma yanzu na tuna ranar da na yi shi.

Kin tuna Rajab ɗin bara, da kika rako kakarki Hajo umara? Ni ne na zo da keken da muke tura tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, sana'ata ta shekara goma sha biyu. Na zaunar da Hajo, na ga takunki, sai na yi rawar kai na jawo miki keke na biyu. Kai, kallon da kika yi min! Har yau in ya faɗo min sai na gyara tsayuwa. Kika ce da ƙafarki za ki yi. A take na kamu, ban ko yi gardama da zuciyata ba. To amma me wawan naki ya yi? Don in burge ki, na kwashi Hajo a guje, baiwar Allah tana salati tana riƙe mayafi, na gama zagaye bakwai, na harɗe a Marwa ina shan zamzam. Da kika iso, gumi ya jiƙe miki goshi, na buɗe baki na ce ai mun daɗe muna jira. Ni a wajena wasa ne. Kika yi murmushi, na ɗauka ya wuce.

Yanzu ki saurari abin da Allah Ya yi da ni, ki yi dariya son ranki.

Kin san mu shida ne muke gudun kan duwatsu bayan isha'i, saboda rana ba ta barin mutum a garin nan. Daren Alhamis labari ya zo cewa dusar ƙanƙara ta sauka a dutsen Jabalul Lauz, can wajen Tabuka. Ke ma kin san mutanen Makka da jin wannan kalma, sai hankali ya tashi! Kafin a ce me, mun cusa kanmu a motar Dauda, direban bas ɗin nan na tashar Kudai mai furfura a gemu, wanda ya fi kowa nawa a cikinmu, har na laƙa masa Motar Ƙarshe. A hanya kowa ya fito da takalminsa mai haƙora a tafi. Ni kuwa na ɗaga nawa na aiki, mai laushin nan da tafinsa ya suɗe sumul kamar bayan cokali. Dauda ya ce in tsaya a Tabuka in sayi na kirki. Na kece da dariya, na ce shekara goma sha biyu ina sheƙa gudu a kan farin daɓen Harami mai sanyi da santsi, har lokacin da masu wanki suka malala ruwa, ban taɓa zamewa ba. Fari ne, sanyi ne, santsi ne, me ƙanƙara za ta nuna min? Kin ji fa. Da bakina na faɗa, a gaban shaidu biyar.

Washegari muka isa, muka fara hawa bayan magariba, kowa da tocila a goshi. Ya salam, Manar! Ina ma kina nan! Duniya duka ta yi fari fat, shiru ko tsuntsu babu, sai ƙurus-ƙurus ɗin sawunmu. Numfashina yana fita kamar tururin buta. Dusar tana zubowa cikin hasken tocila, tana sauka a gashin idona, na buɗe baki ina kamawa da harshe, ƙato da ni. Na yi ihu, na kira sunanki da ƙarfi, dutse ya maido min da shi, na sake kira don daɗi. Wa ya taɓa gaya min sanyi yana sa maye? Na wuce kowa, na ƙara wuta, ina ji a raina yau ko iska sai ta bi bayana.

A wata gangara, ƙafafuna biyu suka yi sallama da ƙasa a lokaci guda. Na ji ƙas a idon sawu, na gangara, na tsaya da kai cikin wani rami, tocila tana haska sama. Targaɗe ne, mai kyau kuwa.

Sauran huɗun suka ruga ƙasa don su matso da mota. Dauda ya tsaya. Ya miƙa min sandarsa, ya yafa min rigarsa ta sanyi, muka kama saukowa, taku ɗaya, hutu ɗaya. Hanyar da na haye cikin minti arba'in sai da ta ci mana awa uku. Kuma kin san abin da bakina ya dinga faɗa? Ka yi gaba, ina ɓata maka lokaci. Ka yi haƙuri, na riƙe ka. Sau nawa na faɗa, Allah ne Ya sani. Duk sanda ya juyo sai in leƙa fuskarsa ina neman alamar gajiya, in ya yi tari in ce shi ke nan ya ƙosa. Kunya ta fi ciwon zafi. Can sai na tsaya cak, domin na gane muryar da ke fita daga bakina. Taki ce, ya rabin raina. Kalmominki ne, waɗanda kike faɗa min a duk sanda muka fita da Maha, ni kuma in ce ba komai ina duba waya.

Daga ƙarshe Dauda ya fusata. Ya ce in rufe masa baki, shi ba jirana yake yi ba, tafiya yake yi da ni, in kuwa na sake ba shi haƙuri zai karɓe sandarsa. Sai ya ci gaba da ba ni labarin yadda ya nemi matarsa, ya nuna min sawun dila a kan dusa, ya sa muka kashe tocila muka kalli taurari. Na dube shi da kyau, na rantse miki babu ƙosawa ko ɗigo a fuskar mutumin nan. Daɗi yake ji! Na fashe da dariya da hawaye a haɗe, majina tana daskarewa a hancina.

Ba zan raina miki hankali ba, ya farin watana. Dare ɗaya ba shekara ashirin da huɗu da kika yi da ƙafar nan ba ne. Likita ya ce sati uku zan warke, ke kuwa da taki za ki rayu. Ba kuma zan yi miki ƙaryar na daina gudu ba, zan ci gaba, sai dai da takalmi mai haƙora. Abin da nake roƙo shi ne ki yafe min maganar Marwa, sannan ki ba ni wurin Dauda a gefenki. Ina son takunki, Manar, wannan ɗan jinkirin da kike yi kafin ki ɗaga ta hagu, wanda nake ganewa cikin mutum dubu. Ina son zafin kanki. Ina son ki, son da ya hana ni zama ko da ƙafa a ɗaure! Ya zan yi da ranakun duniya in kika ce a'a? Wa zan kira a kan dutse?

Ranar Alhamis bayan la'asar zan zo gidanku tare da kawuna. Na san hawa uku ne, na san babu lif. Za ki ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a matakala, kada ki turo kowa ya tallafe ni. In kin amince, ki sa a fito mana da farar gahawar nan mai zaƙi, ta ranar farin ciki, zan gane ba sai an yi magana ba, kuma ina jin tsoron zan yi guɗa a gaban Abba. In kuwa shayi ne ya fito, zan sha, in gode wa mahaifinki, in sauka a hankali ba tare da na riƙe ki da komai ba. Amma tun yanzu na gaya wa Ummi ba zan ci abincin rana ba ran nan, don in bar wa gahawa wuri.

Naki ni kaɗai, yau da gobe da ranar da furfura za ta rufe mu, wanda ba zai sake yin gaba ya bar ki ba har numfashinsa ya ƙare,

Mukhtaru