Wurin Wankan Baba a Shafa

Daren Laraba, Rusaifa

Yanzu na sauko daga Ɗa'if, har yanzu yatsuna ba su saki ba saboda sanyin dutsen Shafa. Yau ni da leburori muka fara fasa masbah, wurin wanka da iyon da Baba ya gina a bayan gidanmu na can. Sanyi ya tsattsaga shi, ruwa na yoyo har cikin katangar maƙwabci. Makon jiya Baba da bakinsa ya ce, "Halas, shi ke nan, Usman, a fasa a cike da ƙasa."

Da la'asar, an ci rabin aiki, sai ga shi ya fito lulluɓe da bargo, yana kallon fasassun tayil. Ya ce, "Wa ya ba ku izini?" Na ce, "Kai ne, Baba." Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Ni? A nan fa na koya wa Maryam iyo." Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanwar tawa.

Na tsayar da aikin. Yaya Habiba ta ce a waya mantuwar tsufa ce, in ƙarasa kafin katangar mutane ta faɗi. Wataƙila da gaskiyarta. Amma maganar wanne zan bi, Baban makon jiya ko na yau?

Da zan taho ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka kyauta." Ban san me na kyauta ba, fasawar ko tsayarwar. Gobe ƙarfe bakwai na safe leburori za su dawo, kuma ban san me zan ce musu ba.